Layi a Bututun Ruwa

Auta ta sake goge teburin ɗakin gwaji da bilic, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, har warinsa ya sa ta tari. Ta goge murfin na'ura, ta goge hannun firji. Ƙananan bututan da suka zo a rufe cikin ledarsu ma sai da ta ɗauraye su da shi, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

"Ke kam, gwaji za ki yi ko wankan gawa?" in ji Dogo, ɗan ajinsu, yana leƙowa ta ƙofa.

"Kar ka shigo min! Tsaya can da numfashinka."

Ba za a ga laifinta ba. Aikinta na shekarar ƙarshe shi ne neman ƙwayar halittar maleriya a jinin da aka ɗebo daga asibiti. A ƙa'ida, kowane gwaji sai an haɗa da bututu ɗaya mai ruwa zalla. In layi ya fito a gurbinsa a hoton sakamakon gwajin, wani abu ya gurɓata aikin ke nan, sai a zubar da komai. Ruwan Auta kuwa tun farkon zango yake fama da maleriya. Jiya Farfesa ya miƙa mata ragowar sinadarin gwajin, ɗan abin da bai fi ɗigon hawaye ba, ya ce daga wannan sai baɗi. In gwajin bai yi ba, sai ta maimaita shekara.

"Ki yanke gefen hoton mana," Dogo ya ce ƙasa-ƙasa. "Wa zai sani?"

Ta galla masa harara, ta rufe na'urar, ta danna. Ta zauna jira, ranta a dagule, ko ruwa ta kasa sha.

Da yamma Farfesa ya zo da kansa, suka tsaya gaban kwamfuta. Idonta ya tafi kai tsaye wurin bututun ruwa. Fes! Ko alamar layi babu.

"Alhamdu lillahi! Malam, ka gani?"

Farfesa ya gyara tabarau. "Na gani. To ina sauran?"

Sai a lokacin ta dubi ragowar hoton. Baƙi ƙirin. Har samfurin da kowa ya san yana ɗauke da cutar bai nuna komai ba. 

Ya ɗauki wani bututu da ya rage a kan tebur, ya kai hanci.

"Da me kika wanke wannan?"

Ta nuna masa kwalbar bilic ɗin.

"Yarinya, bilic ba ya tambayar wace ƙwayar halitta ce taki, wacce ce baƙuwa. Duk cinyewa yake yi."

 Ta so ta yi kuka, ta so ta yi jifa da kwalbar. Maimakon haka ta zare safar hannunta a hankali, ta jefa a kwando.

"Malam," ta ce, "na baɗin, a wane wata yake isowa?"