Kwaɗon da Ake Ganin Zuciyarsa

Eulalia tana yankar ganyen naɗe tamal, abincin masara mai kama da alale, a bakin rafi, sai ta ga ɗan koren kwaɗo manne da ganye, cikinsa garau, har ana ganin zuciyarsa tana bugawa. Lallai gubar masu haƙar zinariya ce ta cinye masa fata, ga shi ruwan nan jikokinta ke sha!

Ta ruga ta nuna wa mijinta, Nicanor.

Ya tuntsure da dariya. "Haba tsohuwa! Haka halittarsu take. Ba su da gida sai dutsen nan namu. Ranar da ruwa ya ɓaci, su ke fara ɓacewa."

Ta yi ajiyar zuciya, ta harare shi. "Yi ta dariya, yau ba tamal. Ganyen nan na mai gadin ruwana ne."