Waldar Baba Ɗanladi

Ƙarfe ma yana gajiya. Duk wanda na faɗa wa haka a gida sai ya yi mini dariya, wai Ado ya je Dubai ya koyo ƙarya. To, ɗauki cokali ka yi ta lanƙwasa shi gaba da baya, ka ga in bai karye a hannunka ba. Haka jirgin ruwa yake a teku. Igiyar ruwa ta ɗaga tsakiyarsa, ta sake shi, ta kuma ɗagawa, shekara da shekaru, har wata rana 'yar tsaga ta fito a kusurwar taga ko ta ƙofa, siririya kamar silin gashi. Neman irin wannan tsagar shi ne aikina a kamfanin gyaran jirage.

Wata Talata aka shigo mana da ƙaton jirgin fasinja, bene goma sha biyu, mai cin mutum dubu uku. Aka ɗora shi a busasshen wurin gyara, kwana tara aka ba mu. Aka tura ni babbar ƙofar gefe, inda ake shigar da kayan abinci. Na kankare fenti, na fesa jan ruwan gwaji, na goge, na bi da farar hoda. In akwai tsaga, jan yakan tsattsafo ta cikin farin. Ya kuwa tsattsafo, tsawon tafin hannuna, daidai gefen wata tsohuwar walda. Kallo ɗaya na gane abin da ya faru: an taɓa gyara wurin, amma an lulluɓe saman tsagar ne kawai, ba a haƙe ta har gindi ba.

A wurinmu kowane mai walda yana da lamba, kuma yana buga ta a jikin ƙarfe kusa da aikinsa. Na sa babban yatsa na share ƙurar. Arba'in da bakwai. Lambar Baba Ɗanladi ce.

Mutumin nan shi ya ɗauko ni daga kasuwar ƙarafa ta Ƙofar Ruwa a Kano, ya nema mini biza, na yi wata bakwai ina kwana a ɗakinsa a unguwar Al Ras, saman shagon wani mai kayan ƙamshi, har tufafina suka koma ƙamshin kanumfari. Shekararsa hamsin da tara. In na rubuta lambar nan a rahoto, za a karɓe takardar shaidarsa, biza ta bi bayanta, khalas, shi ke nan, sai Kano.

Ga giranda, injin goge ƙarfe, a kusa da ni. Minti ɗaya ya isa in shafe lambar. Na ce a raina, ai tsagar zan bayyana, za a gyara ta, wa aka cuta? Na kunna girandar, na kashe. Na sake kunnawa, na kashe. Daga ƙarshe na rubuta tsagar na bar gurbin lamba babu komai. Shugabanmu, wani ɗan Indiya mai gaggawar tsiya, ya ce, "Yalla, yi maza, Ado, waldar waye?" Na ce tsatsa ta cinye wurin, sai na ƙara kankarewa.

Kwana uku na yi ina kewaye-kewaye. Kun dai san mu. Ta yaya zan dubi idon wanda a girme ya isa ya haife ni in ce, Baba, aikinka ne ya ɓaci? Muna cin shinkafa da rana a inuwar kwantena, sai in ce, "Baba, jiragen yanzu fa ƙarfensu ba ƙwari." Ya ce, "Uhm." Washegari in ce, "Baba, ashe tsaga takan dawo ko da an yi mata walda mai kyau?" Ya ce, "Mai kyau ba ta dawowa." Wallahi na tsani kaina a kwanakin nan, na kuma ji haushinsa, ban san dalili ba.

Ranar Juma'a muna dawowa daga masallaci ya riƙe mini hannun riga.

"Ado, kwana uku kana ba ni labarin ƙarfe kamar yau na fara ganinsa. Wace walda ce?"

Na wuce gaba ya biyo ni. Da muka hau jirgin muka isa ƙofar, na yi zaton zai duƙa ya duba. Ina! Farcensa ya ɗora a kan jan layin, ya bi shi a hankali daga farko har ƙarshe, sannan ya lalubo lambar.

"Ka so ka goge ta, ko?"

Na ce, "Na so, Baba."

Can ƙasa ana ta buga guduma.

"Shekara huɗu ke nan da jirgin nan ya zo," in ji shi. "A watan ne idona na dama ya fara hazo. Ban faɗa wa kowa ba, ko matata Maimunat ba ta sani ba, ita da muke shekara talatin tare. Allon gwajin ido kuwa tuni na haddace shi kamar karatun allo." Ya yi 'yar dariya, ta mutu a bakinsa. "Na ɗauka hannu zai yi mini aikin ido."

Na ce, "Baba, wannan ɗin za a gyara ta, inshallah. Ba sai an..."

"Ba ita kaɗai ba ce." Ya juyo gare ni. "Guda shida na yi a jirgin nan a makon. Biyu suna can ƙasa, inda ruwa ke rufewa. Suna cikin takardar wuraren da aka ce ku duba?"

Ba sa ciki. Ba wanda ya san da su, kuma saura kwana biyar a mayar da jirgin cikin ruwa, ya je ya kwashi mata da yara.

Shi ya shige gaba, yana dafa bango, yana kai ni wuri bayan wuri ba tare da ya ɓata ko sau ɗaya ba. Ina fesawa, yana tsaye hannunsa a baya, yana tambaya, "Ya fito?" Sau biyu na ce a'a. Sau uku na ce ya fito, Baba. Ta ƙarshen tana ƙasa, kuma ta fi ta ƙofar tsawo.

Na zauna a kan wani bututu na cike rahoton. Hawaye na zuba, ban ma damu da 'yan Bangaladash ɗin da ke kallona ba. Ya karɓi takardar, ya kawo ta dab da idonsa na hagu, ya daɗe yana bi layi-layi. Sai ya miƙo mini, yatsansa a kan gurbin lamba.

"Gyara bakwai ɗin nan, Ado. Ta yi kama da ɗaya. Mai arba'in da ɗaya yaransa ƙanana ne."