Kunkurun da Ba Ya Cizo

"Duka aikin jahilai ne," in ji Farfesa, ya ɗaga wayarsa sama don na baya su gani. "Duk wanda ka ga ya cika dodonsa da naushi da aman wuta, to bai yi makaranta ba."

Mutanen da ke zaune a bayan shagon gyaran waya suka gyaɗa kai, wasu don sun yarda, wasu don sun san in ba su gyaɗa ba zai koma ya ɗauko daga farko. Ranar Asabar ce, ranar da ƙungiyar masu wasan dodanni ke haɗuwa a wannan ɗan ɗaki, tsakanin kwalayen matattun wayoyi da wata fanka mai juya kai kamar tana neman mai taimakon ta. Babu jami'ar da ta ba shi farfesancin nan, 'yan ƙungiya ne suka naɗa shi. A ofishin ba da izinin kasuwanci, inda yake zama bayan wata taga mai sandunan ƙarfe, sunan da jama'a suka laƙaba masa shi ne Sai Gobe. In ka zo ya ce ka dawo gobe. In ka ce masa gobe babu aiki, sai ya ce, "To, ka riƙa leƙowa."

A fuskar wayar akwai wani kunkuru mai gansakuka a baya, idonsa a lumshe. A wasan, kowane dodo yana ɗaukar dabara huɗu da laya ɗaya, kuma yadda ka haɗa su shi ne hankalinka. Haɗin Farfesa kowa ya haddace shi, don babu Asabar ɗin da ba a karanta shi. Kunkurun yana da Sulke mai ƙara masa taurin baya, yana da Ɓuya, wato ya shige ƙoƙonsa duk abin da aka jefo ya wuce, yana da Warkewa. Ta huɗun ita ce Dafi, ita kaɗai yake aikawa waje: ya ɗiga wa abokin gaba, ya koma ya kwanta, ya bar shi yana ta dukan dutse har jininsa ya tsiyaye. Layar da ya rataya masa kuwa ta hana dafin wani kama shi ce. Da can kunkurun yana da Cizo, Farfesa ya goge shi, ya ce ƙauyanci ne.

Kuma yana son kunkurun nan, so na gaske, ba na wasa ba. Tun yana ƙwai ya rene shi. Duk safiya in ya buɗe wasan, kunkurun yakan miƙe kan ƙafafun baya ya ɗan yi rawa, Farfesa ya ce masa, "Tsoho, an tashi lafiya?" Matarsa ta taɓa cewa tun da ta haifi yaran gidan ba ta ji ya gaishe da ɗayansu da irin wannan murya ba.

Ita ce ma ta tare shi da safen yana sa takalmi. "Baban yara, kada ka manta Innata tana hanya. Motarsu za ta iso tasha da rana, ga ƙafarta, ga kaya."

"Haba, zan manta da Inna? Oga ne ya kira mu aiki yau, amma da na rage zan wuce tashar."

Babu wani Oga da ya kira shi. Ƙalubale ne aka yi masa, kuma bisa al'adar ƙungiya, in aka yi ƙalubale ɗaya da ɗaya, wanda ya ci shi zai ɗauke dodon wanda ya faɗi. Da wannan doka Farfesa ya tara garke guda na dodannin mutane. Shi ya rubuta ta. Shi ya kuma soke dokar agogo mai ƙayyade tsawon wasa, ya ce hikima ba ta son gaggawa. Shi ne dai ya kawo dokar cewa duk wanda wayarsa ta fita daga wasa ya faɗi, babu zancen netuwok, babu zancen uzuri, tun ranar da wani direba ya kusa kuɓuta daga hannunsa da sunan an kira shi.

Mai ƙalubalen wani likitan haƙori ne da bai daɗe da shiga ƙungiyar ba, mutum mai magana ƙasa-ƙasa kamar kullum akwai mara lafiya a kusa. Farfesa ya san shi sarai. Tun 'yar likitan tana rarrafe yake zuwa tagar ofis neman izinin buɗe asibitinsa a sabon gini, ga shi yanzu yarinyar har tana gudu. Amma ofis daban, Asabar daban, don haka Farfesa ya miƙa masa hannu kamar yau suka fara haɗuwa.

Likita ya ajiye jakarsa. Ya fito da matashin kai ya jingina a kujera. Ya fito da gorar ruwa, da gyaɗa a leda, da wani ƙaton fawa-banki na cajin waya mai nauyin bulo. Ya cire takalmi ya jera su a gefe.

"Likita, kwana za ka yi?" in ji mai gyaran waya, wanda shi ne alƙalin wasa saboda shagonsa ne.

"Na dai sallami marasa lafiya sai Litinin."

Da aka buɗe fili, ɗakin ya fashe da dariya. Dodon Likita wani dunƙulen ƙarfe ne mai ƙananan ƙafafu, irin wanda ko sabon shiga ba ya ɗauka, don ba shi da gudu, ba shi da ƙarfin bugu. Farfesa ya yi murmushin tausayi, ya danna Dafi. Kunkurun ya ɗiga dafinsa, dafin ya gangara a jikin ƙarfen ya zube ƙasa. Ƙarfe ba ya jin dafi. Wannan a darasin Farfesa na farko yake, shi da kansa ya koyar.

"Ba komai," in ji shi. "Bari ya fara duka, zai gaji."

Likita bai yi duka ba. Ya danna Sulke. Zagaye na gaba ya danna Ɓuya. Sai Warkewa, alhali ko ƙwarzane babu a jikin dodonsa.

"Wai ina dabarar dukanka?" Farfesa ya tambaya.

"Babu. Ka ce aikin jahilai ne."

Nan Farfesa ya ɗan sha jinin jikinsa. Dodanni biyu a fili, babu mai iya taɓa wani, babu agogon da zai raba su. Kunkuru ya shige ƙoƙo, ƙarfe ya dunƙule. Kunkuru ya leƙo, ƙarfe ya leƙo. Da farko 'yan kallo suna ba da shawara, daga baya suka koma hirar tsadar taya, daga nan suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa. Likita yana ɓare gyaɗa da hannu ɗaya, yana danna waya da ɗayan, fuskarsa a kwance kamar mai jiran allurar kashe zafi ta kama.

Sai sunan matar Farfesa ya fito a saman waya. In ya katse, wasa na nan. In ya ɗauka, wayar ta fita, Tsoho ya tafi. Ya katse. Ta sake kira, ya sake katsewa. Can kuma sai lambar Inna da kanta, tsohuwar da ba ta kiran mutum sai ta sa wani ya danna mata. Ya dubi lambar, ya ji nauyi ya kama shi har wuya, ya katse ita ma.

"Gida ne?" in ji Likita. "Ɗauki mana. Iyali ai sun fi wasa."

"Masu talla ne."

Mai gyara ya gaji da hamma ya ce, "Don Allah ku yi canjaras mu tashi. Ƙafata ta mutu."

"Ni na yarda," Farfesa ya yi saurin cewa.

"Akwai canjaras a doka?" Likita ya tambaya cikin ladabi.

Mai gyara ya sosa ƙeya. "Da akwai. Farfesa ya cire, ya ce canjaras na matsorata ne."

"To mu bi doka. Ni mutum ne mai son a bi tsari."

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Fankar ta tsaya tana kallon bango. Farfesa ya dubi kusurwar wayarsa, ya ga alamar batir ta koma ja, sai gumi ya karyo masa. Ya rage hasken waya har sai ya kanne ido yake ganin kunkurun. Ya dubi fawa-bankin Likita, mai ramuka biyu, ɗaya a banza.

"Likita, ko zan ɗan jona?"

"Wallahi da na ba ka. Sai dai ramin nan na biyu, wanda ke da alhakinsa ya fita."

"Wane irin wanda ke da alhakinsa? Ba naka ba ne?"

"Nawa ne. Amma ka san komai da matakinsa. Ka kawo buƙatarka a rubuce, kwafi biyu, a duba."

Mutum biyun da suka rage suka tuntsire da dariya har ɗaya ya faɗo daga kan kwali. Farfesa ya ɗaure fuska. Bai taɓa jin kalmomin nan daga wannan gefen tagar ba, kuma ya lura ba su da daɗin ji ko kaɗan. Duk da haka bai karaya ba. Jira sana'arsa ce. Ya ga 'yan kasuwa masu ƙiba sun rame a gaban tagarsa, ya ga lauyoyi sun yi barazana sun gaji sun koma roƙo. Likita ya sha ruwa da yawa, dole a jima ya nemi bayi, in ya tashi kuma lokacin danna dabara ya wuce shi, wasa ya fitar da shi. Farfesa ya gyara zama, ya danna Ɓuya, ya ce a ransa, Tsoho, yi haƙuri, mun kusa.

Kuma lissafinsa ya fara fitowa. Likita ya soma kaɗa ƙafa. Ya haɗe gwiwoyi. Ya ture gorar ruwa can nesa, ya dubi ƙofa sau biyu.

Sai wayar Farfesa ta sake ruri. Ba matarsa ba ce, ba Inna ba ce. Oga ne.

Bai yi tunani ba. Babu lokacin da tunani ya taɓa shiga tsakaninsa da wannan suna. Yatsarsa ta ja koren maɓallin amsa kira, ƙafafunsa suka miƙar da shi tsaye, ɗaya hannun ya kai ga maɓallin rigarsa, bakinsa ya ce, "Ranka ya daɗe!" tun kafin kansa ya san abin da jikinsa ya aikata.

Muryar Oga ta cika ɗakin, don mutum ne da ke waya kamar yana kiran wani a ƙetaren titi. "Kai, wane aiki na sa ka yau? Matarka ta kira ni tana roƙo wai in sake ka, surukarka na zaune kan jakarta a tasha tun rana tana tsaka. Ni ina gida ina yanke farce! Da sunana kake yawo? Litinin ka same ni kafin ka zauna."

"To, ranka ya daɗe. Na gode, ranka ya daɗe."

Ya sauke wayar a hankali. Filin wasa ya ɓace. Likita ya tura ƙafa cikin takalmi, ya ce a ba shi minti ɗaya, ya fita da sauri-sauri zuwa bayan shago. Da ya dawo yana goge hannu, mai gyara ya riga ya karɓi wayoyin biyu.

"Farfesa, kira ne fa," in ji mai gyara, kamar mai neman a taya shi. "Sai dai dokar ta ce..."

"Na san abin da ta ce."

Aka danna musaya. Da ɗan sauran cajin da ya rage, kunkurun ya taka a hankali ya fice daga gefen wayar Farfesa, bai ko waiwayo ba. Gurbinsa ya zama fili. Farfesa yana da garke guda na dodannin mutane, masu wuta da masu fukafukai, amma ya ji kamar an kwashe kayan ɗakinsa duka.

Ya matsa kusa da Likita, ya rage murya yadda sauran ba za su ji ba. "Takardar nan taka. Ai tana nan, ba da nisa na ajiye ta ba. Litinin da safe za a buga mata hatimi, ni da kaina zan kawo maka har asibiti. Ka mayar mini da shi. Ka zaɓi goma a garkena."

Likita yana naɗe wayar fawa-bankinsa a yatsu, bai ɗago ba. "Ban ce ba zai yiwu ba. Ana kan dubawa. Ka dawo gobe."

"Gobe ai Lahadi ce, ba a haɗuwa."

"To, ka riƙa leƙowa."

Farfesa ya ɗauki hularsa. Tasha tana da nisa, ga Inna, ga matarsa, ga Litinin, duk suna jiran sa, kuma babu ƙoƙon da zai shige. A bakin ƙofa ya waiwaya. Likita ya buɗe wasan yana duba sabon dodonsa, hasken wayar a ƙure, ana gani daga nesa. Kunkurun ya miƙe kan ƙafafun baya, ya ɗan yi rawar nan tasa, irin ta kowace safiya, babu abin da ya rage a ciki.