Tumakin Ntate Sekhonyana a Filin Jirgi

Wata biyu Mapuleng ta yi a asibitin Maseru bayan an yi mata aiki a ƙugu. Matuƙin jirgin nan mai dawo mana da majinyata kyauta ya aiko cewa ran Talata zai sauke ta. Kowa a tsaunin nan ya san ranar jirgi ba a kai dabba filin da yake sauka. Amma mijinta, Ntate Sekhonyana, wato Baba Sekhonyana a yarenmu, ya kora tumakinsa can, wai ciyawar ta fi tsawo.

Jirgi ya yi ƙasa-ƙasa, ya kewaya sau uku. Muna ihu muna jifa, tumaki sai ƙara bazuwa suke. Gajimare ya rufe kwarin, jirgi ya juya da ita.

Na ce, "Ntate, matarka ce fa a sama!"

Ya ce, "To Mme," wato Mama, "ai ita ana ba ta abinci a asibiti."

Ji min mutum! Ran Juma'a da aka sauke ta, ko ruwa ba ta sha ba na zayyana mata komai. Yanzu tana gidan ƙaninta, shi kuwa gogan yana koyon tuƙa tuwon masara.