Ruwan Ƙafar Bappayo

A shekarar da rani ya ƙi ƙarewa a Karu, tun garin yana ɗan ƙauye a bakin hanyar Keffi, ruwa ɗaya ne ya rage wanda shanu za su iya sha: wani gurbi a gindin dutse, ƙasa da gonar Yamusa. Yamusa dattijon Gbagyi ne, manomin doya, kuma babba a majami'ar garin. Tun lokacin kaka ya zagaye gurbin da ƙaya, kuma ba a banza ba. Shanun Bappayo ne suka shiga gonarsa suka tattake masa doya, aka yi cacar baki har gaban mai gari, kowa ya tafi yana huci.

To, ga shi yanzu rana ta juya. Bappayo, Bafulatanin da rugarsa ke bayan gari, ya riga ya rasa shanu uku, sauran kuwa ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Sau biyu yana aikawa a ba Yamusa haƙuri, shiru kamar an shuka dusa. Sai kwatsam ga saƙo: ya zo majami'a ranar Alhamis bayan la'asar, su gana.

"Majami'a?" in ji matarsa Aminatu. Ta ajiye ƙwaryar nonon da take wankewa. "Matan da nake kai wa nono sun ce ranar nan wanke wa juna ƙafa suke yi. Ƙafa fa, Malam! Ƙurar sawunka ta shiga ruwa, ruwan yana hannun wanda ka ɓata wa gona. Da me ake yi wa mutum kurciya in ba da sawunsa ba?"

Bappayo ya ce da ita mata dai akwai tsoro. Amma maganar ta zauna masa daram. Ya san wani makiyayi da aka ɗebi ƙasar sawunsa aka yi masa wannan asiri, ya bar iyali da garke ya bi duniya, har yau ba labari. In ya je, ya miƙa ƙafarsa ga maƙiyi. In ya ƙi, shanu su ƙare. Ya yi la'asar, ya tofe jikinsa da addu'a, ya ɗauki sanda ya kama hanya.

Majami'ar ginin laka ce mai rufin ciyawa, maza gefe, mata gefe. Mata na ta shigowa da ruwa a ƙorai bisa kafaɗa, irin ɗaukar matan Gbagyi, suna juyewa a daro-daron da aka jera. Bappayo ya dubi ruwan nan ya haɗiyi yawu, ya ce a ransa lalle wasu na da na wasa. Ya zauna dab da ƙofa, don mai hankali ba ya nisa da mafita.

Yamusa ya taso ya zauna kusa da shi. "Malam Bappayo, ka zo. Madalla. Yaya iyali, tana lafiya?"

"Lafiya lau, dattijo." Fara'ar nan ba ta yi masa ba. Mutumin da ya nuna shi da fartanya wata biyar da suka wuce, yau shi ne da washe baki?

Pasto ya karanta da Hausa yadda Annabi Isa ya ɗaura zane ya wanke ƙafafun mabiyansa. Bappayo ya ce alaihissalamu a ciki-ciki. Daga nan Pasto ya juya harshe zuwa Gbagyi, ya yi wa jama'a bayanin yadda za a yi: bibbiyu za a zauna, wannan ya wanke wa wancan, sannan wancan ya rama. Bappayo bai tsinci ko kalma ba. Canjin harshen ma ƙara masa zargi ya yi, don abin da ake so baƙo ya ji ba a faɗarsa a yaren gida.

Aka fara waƙa. Yamusa ya jawo daro, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya zare wa Bappayo takalma. Tsoho mai furfura, a gaban kowa! Ya kama ƙafar nan mai kaushi da faso ya tsoma a ruwa, yana cuɗawa a hankali har tsakanin yatsu. Tun rasuwar uwarsa ba wanda ya taɓa wa Bappayo ƙafa haka, har zuciyarsa ta so ta karaya. Sai idonsa ya faɗa kan ruwan. Ya koma ja jawur, ƙurar duk inda ya taka tana kwance a ciki.

Yamusa ya goge masa da tsumma, ya miƙe ya zauna a benci, ya tuɓe nasa takalman, ya jawo daron zuwa gabansa.

Ai kuwa shi ke nan. Bappayo ya ga an ja ruwansa, ya yi wuf ya sunkuci daron da hannu biyu, ya fita a guje ba takalmi. Waƙar ta tsinke a bayansa. Bai tsaya ba sai da ya wuce gonaki, ya sami gidan tururuwa ya tuttule ruwan a ciki, ya cuɗe daron da yashi, ya bi wurin da ƙasa. Sannan ya yi ajiyar zuciya, yana jin ya fi su wayo.

Da ya dawo an tashi. Jama'a na fitowa, kowa ƙafarsa fes, suna kallonsa suna kau da kai. Yamusa na tsaye a bakin ƙofa riƙe da takalman Bappayo. Ya miƙa masa, ya karɓi daron, ya leƙa cikinsa ya ga har yashi an sa.

"Ka kai shi nesa?" in ji Yamusa.

Bappayo ya duƙa yana sa takalmansa.

"Na sani abin da kana tsoro. Mu ma muna da wannan magana." Tsohon ya juya daron a hannunsa. "A wurinmu ba a cin jibin Ubangiji, abincin ibada na wannan rana, da fushi a ciki. Shi ya sa na kira ka. Ƙaya kuma, tun safe na cire shi. Ka kai shanu su sha."

Abin da Bappayo ya zo nema ke nan, amma daɗin ya ƙi shiga. Ya sunkuyar da kai, sai ya ga ƙafafun Yamusa, furu-furu da ƙurar gona, su kaɗai a cikin taron nan. A nan ya gane abin da ya sa tsohon ya tuɓe takalmi ya jawo daro. Shi yake jira. Kunya ta rufe Bappayo har ya ji da ma ƙasa ta tsage.

"Dattijo, don Allah a kawo ruwa. Zauna, yanzu zan wanke maka."

Yamusa ya girgiza kai, ba faɗa a fuskarsa, sai gajiya. "An riga an rufe da addu'a, Malam. Sau ɗaya ne a shekara." Ya saɓa daron a kafaɗa ya juya. "In baɗi kana nan, ni ma ina nan, sai ka zo."