Ranar da Kwamiti Ya Kunna wa Dutse Wuta

Irin cittar mamana yana gindin mangwaro a ƙasan dutse, cikin rami, an rufe shi da ganye da ciyawa. Shi kaɗai ya rage mana tun shekarar da ciwo ya ruɓar da citta a ƙasar nan. Taku goma daga ramin akwai tarin ciyawar da na kwashe sati uku ina yanka a kan dutse, don citta in an shuka ta ba a lulluɓe da ciyawa ba, rana ce za ta dafa ta a ƙasa. Iyakar abin da muke da shi ke nan. Ni na gama sakandare shekara biyu da suka wuce, ba abin da ya biyo baya.

Bara wuta ta sauko daga dutse ta cinye rumbuna huɗu. Sai ƙauyenmu ya yi abin da ya fi iyawa, ya kafa kwamiti. Kwamitin Hana Gobarar Dutse. Aikinsa ɗaya tak: a ƙone siririn layi a gindin dutse tun Disamba, lokacin ciyawa na da sauran ɗanye, yadda in wuta ta sauko ba za ta sami abin ci ba. Kakanninmu sun yi ta yin haka ba sakatare. Mu kuwa Disamba ta tafi a zaɓen ciyaman. Janairu ta tafi a rigimar ko coci ɗaya zai riƙe ciyaman da mataimaki duka. Fabrairu aka yi ta jiran riguna masu ƙyalli daga Kafanchan. Da rigunan suka iso, bazara ta shigo, ciyawar dutse ta bushe har in akuya ta ratsa sai ka ji kamar ana murza leda.

Ciyaman shi ne Baba Martins, tsohon firinsifal ɗinmu, wanda har yau yake ce wa masu jikoki "kai yaro". Ran Lahadi bayan sujada ya tara mu a barandar coci.

"Na yi nazari," in ji shi. "Ranar da hadari ya haɗu za mu kunna. Mu mu kunna, Ubangiji ya kashe. Kowa da aikinsa."

Aka tafa. Na ɗaga hannu.

"Sa, hadarin farko iska ne da tsawa. Ba ya zuwa da ruwa."

"Wane ne wannan?"

"Kevin ne, ɗan Hulda," in ji wani.

"Kevin. Ba ni na koya maka jogirafi ba?"

"Kai ne, sa."

"Me ka ci?"

Kowa a barandar ya san na faɗi.

"To zauna."

Mama Faustina, shugabar zumuntar mata, ta gyara ɗankwali. "Baba ciyaman, hadari fa ba ya duba sakamakon jarrabawa. Ko kaza ta san na farko ƙarya yake yi."

"Madam, in kaza tana da magana ta rubuto wa sakatare."

A gida na ce wa Mama mu kwashe irin. Ta ce ya riga ya fara fitar da ido, in muka taɓa shi a zafin nan idon zai kakkarye, kuma ba wata inuwa irin ta mangwaron. Sai na ɗauki fartanya na share kewayen ramin iya ƙarfina. Ta tsaya tana kallona.

"Manya ne, Kevin. Sun yi karatu."

Na ci gaba da shara.

Ran Alhamis wajen ƙarfe uku gabas ta yi baƙi ƙirin. Ganye ko motsi ba ya yi. Aka buga ƙararrawar coci, kwamiti ya fito cikin rigunansa, jama'a na biye. Kowa da laima. Na duba da kyau, ban ga bokiti ko ɗaya ba. An zo kunna wuta, amma abin da ya dami mutane kada su jiƙe. Ni kaɗai ne da adda da ɗanyen reshe, sai wani ya tambaye ni ko Lahadin ganye, ranar da muke shiga coci da ganye a hannu, ta dawo ne.

Katikis, malamin cocinmu, ya buɗe da addu'a. Ya fara daga Nuhu, ya bi ta kan Iliya. Tsawa ta fashe a bayan dutse, mutane suka ce amin da ƙarfi. Baba Martins ya durƙusa ya ƙyasta ashana, ciyawa ta kama. Sakatare ya duba wayarsa ya ce hoton bai fita ba, fuskar ciyaman ta shige laima. Sai aka matsa gaba kamar taku ashirin, ciyaman ya sake kunnawa. Mataimaki ya ce shi ma cocinsu na buƙatar hoto. Wuri uku ke nan.

Sai iska ta zo.

Laimar katikis ce ta fara juyewa. Wutar da ke rarrafe kamar jariri ta miƙe tsaye ta fi mutum tsawo, ukun suka haɗe, rabi ya haye dutse, rabi ya juyo gonaki. Can nesa wajen Madakiya ana ganin ruwa na zuba kamar labule. Mu namu rabon ƙara ce da walƙiya.

"Kowa ya tsaya a wurinsa!" in ji Baba Martins. "Ruwa na hanya!"

"Ciyaman, a busa usur!" in ji sakatare.

"Ba a busa usur sai an tabbatar gobara ce!"

Ban ji ƙarshen muhawarar ba. Na yanki gona da gudu zuwa mangwaro.

Na tarar Mama ta riga ni, ba takalmi, ta ɗaure zani a ƙugu. Wutar na tahowa ta cikin gonar maƙwabcinmu, iska na wurgo tartsatsi gabanta. Ta dubi tarin ciyawa, ta dubi ramin.

"Ba za mu iya duka biyu ba," ta ce.

Na san haka. Muka yaye busasshiyar ciyawar da ke kan ramin muka watsar, na kama fartanya ina zuba ƙasa a kan cittar, ita tana turawa da hannu. Ƙasar ta yi tauri kamar siminti. Tarin ya kama a bayana, ban juya ba, na ji shi ne a ƙeyata. Sati uku na hawa da sauka, ya ƙare kafin in yi sara ashirin. Ganyen mangwaro ya fara murɗewa a kanmu. Ina bugun duk inda tartsatsi ya faɗo, hayaƙi ya rufe ni har na daina ganin Mama, tarinta kawai nake ji.

Mama Faustina ce ta ɓullo da mata kusan goma daga rafi, da ruwa a kwanoni da jiƙaƙƙun zannuwa.

"Ɗan jogirafi, matsa!" ta ce, ta sheƙa ruwa a gefen ramin.

Da wutar ta wuce, muka tone. Gefen da ke fuskantar tarin ya dahu, kusan kashi ɗaya cikin uku. Ƙamshin citta ya cika wurin kamar ana dafa shayi. Mama ta ɗauki guda daga tsakiya ta karya, ta ga ruwa a ciki, ta zauna a toka. Ba ta yi kuka ba. Girarta ta ƙone, ba ta ma sani ba.

Lokacin ne aka yi yayyafi, ɗigo-ɗigo, wanda ko tururuwa ba za ta fasa tafiya ba saboda shi. Baba Martins ya iso yana haki, ya miƙa tafin hannu sama.

"Kun gani? Na ce za a yi ruwa."

Dutsen ya ci wuta kwana biyu, daga gindi har kai. Ran Lahadi sakatare ya karanta sanarwa a coci cewa kwamiti ya yi nasara fiye da yadda aka zata, domin bana babu wata wuta da za ta iya saukowa daga dutse. Gaskiya ne. Aka tafa. Wani dattijo ya tashi ya tambayi inda masu citta za su sami ciyawa, aka ce tambaya ce mai kyau, za a kafa ƙaramin kwamiti.

Ruwan gaske ya sauka bayan kwana tara. Citta ba ta jiran kowa. Muka shuka abin da ya tsira cikin kwana biyu, kunyoyin suka kwanta tsirara, rana ta fito da safe kamar tana jiranmu. Na zaga har bayan rafi, ko damin ciyawa ɗaya babu.

Sai na jingina tsani a bangon ɗakina, na hau, na fara kwance jinka. Mama ta fito daga kicin.

"Damina ce fa, Kevin. A ina za ka kwana?"

"A kicin."

Ta dubi jinkar da ke hannuna. Sannan ta matso ƙarƙashin tsanin ta ɗaga hannu, na miƙa mata dami na farko.