Kada Ki Rufe Murfin

Wuta ta ɗauke tana cikin wanke-wanke. Auta ta yar da soso ta ruga ɗakin Yaya, hannu duk kumfa. Kwamfutarsa na kan tebur a buɗe, batirin kuwa tsoho ne, har alamarsa ta koma ja.

Tun makon jiya na'urar take aiki ba hutu. A kan allon, ƙananan ɗige-ɗige ne suke yawo, duk wanda ya taɓa ɗan'uwansa sai ya manne, har suka zama wani abu mai rassa, kowane reshe da nasa 'yan rassan. Yaya ya ce haka ƙwayoyin hayaƙi suke haɗuwa, kuma gobe zai nuna wa malamansa siffar, jarrabawarsa ta ƙarshe ke nan. Kafin ya kai Inna asibiti sai da ya ja mata kunne: "Kada ta mutu, kada ki rufe murfin. In ta tsaya, daga farko za ta soma."

Janareta ɗaya ne a layin, na mai aski, wanda ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba.

Ta ɗauko kwamfutar a buɗe kamar faranti, caja rataye a wuya, ta tsallaka titi. Saura kaɗan wani mai babur ya kwashe ta.

"Malam, don Allah..." ta ce daga bakin ƙofar shagon. "Wuta nake roƙo."

"Soket ɗaya gare ni, ƙanwata, ga shi ina aski."

Dattijon da ke kan kujera, rabin kansa a aske, ya leƙo. "Mene ne wannan? Saiwa ce ko tsagewar bango?"

"Hayaƙi ne, Baba. Na yayana ne. In ta mutu, shekararsa ta tafi."

Hasken allon ya dushe.

"Kai, cire abinka," in ji dattijon. "Gashi ba ya gudu."

"Haka za ka zauna, Baba, kamar gonar da aka bar nomanta rabi?" in ji mai aski.

"Matata ta ga abin da ya fi wannan muni."

Mai aski ya zare injinsa, ya jona cajar. Allon ya haskaka. Auta ta tsuguna a kusurwa, kwamfutar a cinyarta, maza na gardamar inda ɗigo na gaba zai manne, har aka dawo da wuta bayan la'asar.

Da Yaya ya dawo ya tarar aikin ya kammala, ya yi ajiyar zuciya, bai tambayi komai ba.

Washegari da safe, kafin ya fito daga wanka, ta zauna da tsinke tana tsince furfurar dattijon nan daga tsakanin maɓallan.